Minti Biyu Masu Tsawo A Gaban Ƙaramar Kwamfuta

Da yawa daga cikinmu muna da irin ƙananan kwamfutocin nan na tafi-da-gidanka da aka yi yayinsu bayan kamfanin Asus ya fito da Eee PC a shekarar 2007, Acer kuma ya biyo baya da Aspire One a 2008. An daina yayinsu a Turai tuntuni, amma a unguwanninmu har yanzu suna aiki. Tawa ta hannu ce, na saye ta a kasuwa, kuma a cikinta nake ajiye sunayen 'yan ƙungiyarmu ta zango da lissafin kuɗin taimakon juna. Idan ta mutu, ba ni kaɗai zan yi kuka ba.

A cikin kowace irin wannan kwamfuta akwai wata 'yar manhaja da ake kira BIOS, wadda ke zaune a wani ɗan guntu da aka manna a jikin babban allon injin. Ita ce ke fara farkawa idan an kunna, ta duba madannai da batir da ma'ajiya, sannan ta miƙa ragama ga Windows ko Linux. Tawa ta daina gane sabon batirin da na saya, sai na ga masu ƙera ta sun fitar da sabon BIOS da ya gyara wannan matsalar.

To, waɗannan ƙananan ba su da wurin sa faifan CD, don haka filas ce hanya. Da farko na juya kwamfutar na karanta lambar samfurinta a takardar da ke ƙasa, domin BIOS ɗin wani samfuri, ko da sun yi kama kamar tagwaye, yana iya kashe ta. Daga shafin kamfanin kaɗai na sauko da fayil ɗin. Sai na kwashe lissafin ƙungiya zuwa wata filas dabam na ba ma'ajinmu. Bayan haka na yi amfani da manhajar Rufus, wadda kyauta ce, na sa FreeDOS a kan wata tsohuwar filas yadda kwamfuta za ta iya tashi daga gare ta. A lura, Rufus yana share duk abin da ke kan filas ɗin. Daga nan na zuba fayilolin BIOS a ciki.

Babban abin tsoro shi ne wuta. Wannan aiki share tsohon BIOS yake yi kafin ya rubuta sabo, idan kuwa wuta ta yanke a tsakani, babu tsoho babu sabo, kwamfuta ta zama katako. Mutanen Gana da suka sha dumsor a 2015 sun san abin da nake faɗa. Saboda haka na mayar da tsohon batir, na cika shi, na kuma jona caja, duka biyu.

Na kunna, na danna maɓallin zaɓen inda za ta tashi (a wasu F12 ne, a wasu Esc), na zaɓi filas, na rubuta sunan fayil ɗin a baƙin allo. Lambobi suka fara hawa. Ƙanena ya miƙo hannu zai taɓa, na ce, "Kai, tsaya can!" Aikin bai wuce minti biyu ba, amma ban taɓa jin tsawon minti kamar wannan ba. Da ta sake tashi da kanta sai na shiga BIOS, na mayar da saitin asali, na gyara kwanan wata. Na sa sabon batir, ya kama caji.

Shawarata ita ce, wanda kwamfutarsa ke aiki lafiya ya bar BIOS ɗinta yadda yake. Wanda kuwa ya ga matsalarsa a rubuce cikin bayanin sabon fayil, to, ya tabbatar da lambar samfuri, ya kwafe takardunsa, ya cika batir, kuma kada ya taɓa komai sai ta gama.