Freetown: Birnin da Aka Tambayi Mutanensa

Matafiyin da ya sauka a filin jirgin sama na Lungi zai shiga Freetown, babban birnin Saliyo, yawanci sai ya tsallaka a jirgin ruwa. Tun daga kan ruwa zai hango yadda garin yake: teku a gaba, tsaunuka a baya, gidaje sun hau gangare kamar matakala. Abin sha'awa ne a ido, amma a nan matsalar take. Mutane sun yi yawa, fili ya yi kaɗan, sai aka riƙa sare dajin da ke kan tsaunuka domin gini da itacen girki da gawayi.

Kun dai sani, saiwar bishiya ke riƙe ƙasa. Idan babu ita, ga kuma ruwa kamar da bakin ƙwarya a Yuli da Agusta, sai ƙasa ta saki. Abin da ya faru ke nan da safiyar 14 ga Agusta, 2017, lokacin da wani ɓangare na tsaunin Sugar Loaf ya zaftare a yankin Regent. Fiye da mutum 1,000 suka rasu ko suka ɓace. Can ƙasa kuma, a unguwannin talakawa na bakin teku irin su Kroo Bay, kusan kowace damina ruwa kan shiga ɗakuna, ɗauke da sharar mutanen tudu.

A 2018 aka zaɓi Yvonne Aki-Sawyerr magajiyar gari. Kafin a rubuta shirin gyara birnin, sai da aka bi unguwa-unguwa aka zauna da dubban mazauna, aka ji abin da ya fi damunsu. Dalili a fili yake. Injiniya yana da taswira, amma mai sayar da kifi ita ta san kwatar da ke fara toshewa, ɗan makaranta kuma ya san hanyar da ba ta biyuwa idan an yi ruwa.

A 2020 aka fara aikin dasa bishiya miliyan ɗaya. Dasawa ba ta da wuya, rayawa ce aiki. Saboda haka aka ɗauki mutanen unguwa, da yawansu matasa da mata, aka damƙa musu kula da dashen. Kowace bishiya a ɗauki hotonta da waya, a adana inda take, a riƙa komawa ana duba girmanta, sannan a biya mai kula da ita ta wayar hannu. A 2021 kuma aka naɗa Eugenia Kargbo jami'ar yaƙi da zafi, ta farko a Afirka, daga baya aka kafa rumfunan inuwa a wasu kasuwanni saboda matan da ke yini cikin rana.

Aiki bai ƙare ba. Har yanzu ana sare daji, Kroo Bay ma ba ta rabu da ambaliya ba. Amma yanzu dashen yana da masu shi.

To, ku fa? In an yi ruwa a daminar bana, ku zaga unguwarku da 'yan ajinku, ku zana inda ruwa ke kwanciya da kwatocin da suka toshe. Ku nuna wa malaminku, sannan ku kai wa mai unguwa.