Guntun Kyandir

A tsakiyar watan Agusta, lokacin da ruwa ya zauna a Zariya har bangon ɗaki ke tsattsafo, aljihu na biyu na teburin Malam ya ƙi buɗuwa. Ya ja da hannu ɗaya, ya ja da biyu, ya tokare ƙafa a jikin teburin ya sake ja, sai ya ji mariƙin ya fara rawa. Nan ya dakata. A cikin aljihun nan akwai katunan da ya shafe sama da shekara 30 yana tarawa, kowane kati da karin magana guda, da sunan garin da ya ji ta, da irin zancen da ya jawo ta. Ɗalibarsa ta ƙarshe, wadda yake duba wa kundi duk da ya yi ritaya, za ta zo ranar Laraba don ganin katunan Katsina da Maraɗi.

Abin da ya ɗaure masa kai shi ne teburin bai taɓa yi masa haka ba. Na maɗaci ne, wani kafinta a Sabon Gari ya yi shi a shekarar da Malam ya yi aure, kuma damina nawa ta wuce ta kansa aljihunansa na shiga da fita kamar an roƙe su.

Da yake mai nazarin harshe ne, sai hankalinsa ya gudu daga katakon ya koma kan kalmomin. Aljihu daga Larabci ya zo, kuma na riga ne tun asali. Bahaushe ne ya ciro shi daga jikin riga ya liƙa wa tebur. Tebur ɗin kansa da durowa da kafintan da ke yin su duk aron Turanci ne. Kafin zuwansu, a adaka da sanduƙi da lefe ake adana kaya, dukkansu kuwa ta sama ake buɗe su, murfi ake ɗagawa, babu abin da ke zamewa a kan wani. Ya tuna Asantawa ma adaka suke cewa, har ya fara bin hanyar fataken goro zuwa Gwanja a zuci. Sa'annan ya nemi sunan siraran katakan nan biyu da aljihu ke gudu a kansu, ya rasa. Mutumin da ya tara katuna cikin aljihu bai taɓa buƙatar kiran abin da ke ɗauke da aljihun ba.

Da la'asar ɗan maƙwabcinsa, wani matashin kafinta, ya yi sallama. Ya tarar da Malam riƙe da kwalbar man gyaɗa da ya ɗauko daga kicin.

"Allah ya gafarta Malam, a mayar da man nan inda aka ɗauko shi," in ji shi, yana durƙushe. Man girki, a cewarsa, katako yake shiga, ya daɗe ya yi wari, ya kama ƙura, ya kuma gayyato kiyashi da kyankyaso. Takarda kuwa in ta sha shi, ta sha ke nan.

Bai taɓa mariƙin ba. Aljihun sama ya zare gaba ɗaya, ya haska tocila ya tabbatar ba wani kati ne ya tokare ba. Ya juyo teburin, ya ɓamɓare siririn katakon baya a hankali don kada ƙusoshin su yaga shi, ya ɗora guntun katako a bayan aljihun ya riƙa bugawa da hama, dama sau ɗaya, hagu sau ɗaya. A bugu na shida ko na bakwai aljihun ya yi ƙara ya saki. Katunan na nan lafiya, sai ɗan warin danshi.

Malam ya ce a sassaƙe shi sosai, a huta gaba ɗaya. A nan yaron ya yi masa musu, cikin ladabi amma ba tare da ja da baya ba, kuma shi ke da gaskiya. Katako, ko ya shekara 100 da rabuwa da bishiyarsa, bai daina shan danshin iska yana fitar da shi ba. Yana kumbura da damina, ya tsuke da hunturu, kuma ta faɗi yake wannan motsi, tsawonsa kusan ba ya canzawa. Saboda haka girman da aljihu ke da shi a Agusta aro ne. Wanda ya sassaƙe shi daidai da wannan girma, a Janairu zai iske shi yana kwaramniya a mazauninsa, hazo na shiga ta kowace kafa, abin da aka cire kuwa ba ya komawa.

Alli ya nema. Ya goga shi a kan katakan da aljihun ke gudu a kai da kuma bangon ciki, ya tura aljihun har inda ya cije, ya zaro. Wuri biyu kacal allin ya kama, kowanne bai wuce tsawon ɗan yatsa ba. Su kaɗai ya bi da samfefa mai lamba 120 da ya naɗe a guntun katako don kada ta yi kwarmi, ya ƙarasa da mai lamba 220. Garin da ya zubo bai cika cokalin shayi ba.

Da ya kifar da aljihun zai share, sai ya bi gefen ƙasan da babban yatsa, ya ɗaga shi wajen haske. Gefen na ƙyalli.

"Ashe Malam na shafa masa kyandir. Shi ya sa bai cinye ba duk shekarun nan."

Malam ya ce shi bai taɓa shafa masa komai ba.

Yaron ya miƙa hannu can ƙuryar mazaunin aljihun don ya kwashe garin katako, ya fito da guntun farin kyandir, lagwaninsa ba a taɓa kunnawa ba, jikinsa duk kwarmi inda gefen katako ya ci shi. Ya ajiye a kan teburin bai ce uffan ba, don shi ma yana cikin waɗanda suka ɗauki makarar Hajiya a bazarar bara.

Kowace shekara, da an yi ruwan fari, takan kori Malam daga ɗakin karatu na wuni guda, ta ce shara za ta yi. Yakan fita yana mita cewa za a hargitsa masa takardu, ya dawo ya duba ko'ina bai ga abin da ya motsa ba, ya ɗauka ƙura kawai aka kaɗe. Shafawarta ta ƙarshe ta ɗauki aljihun damina guda bayan ta, a ta biyu ta ƙare.

Ya ɗan jima shiru. Daga nan ya ce da yaron kada ya ƙara taɓa komai, ya faɗa kawai, shi zai yi. Haka aka yi: kyandir a gefen ƙasa biyu, da kan katakan, da duk inda allin ya kama, a tura a zaro sau goma har kakin ya baje. Kakin zuma ma yana yi. Busasshen sabulu yana fid da mutum kunya, sai dai yana jan danshi, don haka na wucin gadi ne. Notin mariƙin da ya saki kuwa, tsinken ashana aka tsoma a gam aka cusa a raminsa, aka bari ya bushe kafin a ɗaure.

Kafin magariba suka shiga ɗakin Hajiya, inda durowar da 'ya'yanta suka saya mata take, ta zamani, mai layin ƙarfe da 'yan ƙwallaye irin na boris ɗin keke. Aljihun ƙasa ya karkace yana ƙugi. Irin wannan ba ruwansa da kyandir. A kowane gefe akwai ɗan harshen roba, a danna na wannan gefe ƙasa, a ɗaga na wancan sama, aljihun ya fito. Tsohon giris da ƙurar hunturu sun haɗu sun zama baƙin kwaɓi mai cin ƙarfe. Malam ya wanke shi da tsohon buroshin haƙori da ɗan kananzir, ya tsane da tsumma, ya ɗiga sabon giris kamar ƙwayar gero a wuri uku, don mai yawa ƙura yake tarawa. Karkacewar daga noti ɗaya take, wanda ya kwance a cikin matsattsen garin katakon da ake yin durowar yanzu da shi, abin da ba ya riƙe noti kamar maɗaci. Suka mayar da shi ramin da ke kusa. Yaron ya gargaɗe shi cewa ranar da ƙwallayen suka zube ba gyara, sai saye, kuma a tafi kasuwa da tsohon a hannu, don tsawo ya bambanta, tazarar da aka bar masa a kowane gefe kuma rabin inci ce, ba ta karɓar kuskure.

Da dare Malam ya tara sukundireba da buroshin da samfefa da alli a cikin wani gwangwanin madara. Ya aiki jikansa ya sayo sabon kyandir ya haɗa da su. Tsohon guntun ya mayar da shi ƙuryar da aka same shi. Ya zaro farin kati ya rubuta: da ruwan fari, a zare aljihu, a share, a shafa. A gurbin da ya saba rubuta sunan gari da na wanda ya ji abu daga bakinsa, alƙalamin ya tsaya, daga baya ya rubuta sunanta.

Ranar Laraba ɗalibar ta zo da hantsi, lema a hannu. Bayan gaisuwa ta ce da na Maraɗi za ta fara. Malam ya sa yatsa biyu ya jawo aljihun.