Bolar da Ta Daina Zama Taki

Kafin zuwan leda, sharar birnin Kano haja ce mai kuɗi. Da rani manoman karkara kan shigo gari da jakuna ɗauke da itace, su sayar, su juya da mangala cike da toka da kashin awaki da ɓawon gyaɗa, su jibge a gona kafin faɗuwar damina. Masanin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya yi rubutu a kan wannan tsari tun 1965, inda ya nuna yadda ake noma gonakin da ke kewaye da birnin shekara da shekaru ba tare da an bar su sun huta ba. Abin da gari ya ci ya rage shi ke komawa ƙasa, ya dawo hatsi.

Har yau ana kai shara gona, sai dai yanzu a tifa, kuma cakuɗe da leda. Manomi ya biya kuɗin mota, sannan ya biya yaran da za su tsince masa. Wadda ta kuɓuce tana nan a ƙasa ba ta ruɓewa, ko akuya ta haɗiye ta. Mahauta sun saba ciro ta daga tumbi. Sauran sharar da babu mai so sai ta taru tsibi. A can ƙarƙashi, inda iska ba ta ratsawa, ragowar abinci na ruɓewa tana fitar da iskar metan, wadda a cikin shekara 20 take riƙe zafi kusan ninki 80 na hayaƙin kabon. Idan tsibin ya dami unguwa a cinna masa wuta, kowa ya shaƙa.

Ba na cikin masu ɗora wa matar gida alhakin ɗumamar duniya. Afirka baki ɗaya ba ta fitar da fiye da kashi 4 cikin ɗari na hayaƙin kabon, kuma shawarar "ku riƙa kashe fitila" abin dariya ce ga wanda ya kwana uku bai ga wutar ba. Amma bola tamu ce, mu ke tara ta, kuma magudanar da take toshewa a watan Agusta a ƙofar gidanmu take.

Shi ya sa a gidana bokitin shara biyu ne. Ɗaya na abin da ke ruɓewa: ɓawon doya, ganyen da aka tsince, ƙasan tukunya. Wannan maƙwabciyarmu mai kiwo take aikowa a ɗauka kowace yamma, abin da awaki suka ƙi kuma ya tafi rami a bayan gida. Ɗayan na robar lemo da gwangwani da ƙarafa, 'yan jari-bola suna saye da awo, kuɗin na yaron da ke fitar da shara ne. Wannan ya fi kowane wa'azi tasiri, domin a gidajen ma'aikata irinmu ba mai gida ne ke taɓa shara ba. Idan wanda ke taɓa ta bai ga ribarsa ba, a rana ta uku an haɗe bokitan. Mai haya a bene, wanda ba shi da rami ba shi da maƙwabci mai kiwo, lamarinsa ya fi wuya, kuma wari ba ya jiran kowa.

Akwai kuma abin da bai kamata ya kai bokiti ba tun farko. Iyayenmu sun mayar da tuwon jiya ɗumame, suka shanya ƙanzo. Mu kuwa mun dogara da firiji a ƙasar da wuta ba ta da alkawari, sai mu dafa na kwana uku mu zubar da na biyu. Haka kwanon sayen waina da kwandon cefane: mun ajiye su ne kawai don leda ta fi sauƙi. Ruwanda ta haramta ledar cefane a 2008, Kenya ta bi sahu a 2017, kasuwanninsu kuma ba su tashi ba.

Ledar fiya wata ce ta gagare ni. Muddin famfo ba ya kawo ruwan da za a sha hankali kwance, buhunta zai ci gaba da shigowa gida. Nakan sa a tara ta a wanke, a cusa a buhu daban, mu jira mai saye. Wani lokaci ya zo cikin mako, wani lokaci buhu biyu su cika bai leƙo ba.