Kwamfutar Da Ba Ta San Hutu Ba

A wani lungu na Agege, cikin birnin Ikko, akwai wani mutum mai shagon buga takardu, wanda ya daɗe yana alfahari da tsohuwar kwamfutarsa ta kan tebur. Tun da safe fankarta take ruri har a rufe shago. Shi a ganinsa wannan ruri alamar lafiya ce, kamar haniniyar ingarma.

Da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, sai alfahari ya koma zullumi. Janareta ya gagare shi, ya koma dogaro da batir, batirin kuwa ba ya kai shi la'asar. Masu son a buga musu takardar neman aiki su zo, su tarar da na'ura a kashe, su wuce gaba.

Ɗan ƙanensa mai gyaran na'urori shi ya gano inda gizo ke saƙa. Ya ce, "Baffa, ai a guje take ko ba a aike ta ba."

Ga yadda abin yake. Ƙwaƙwalwar kwamfuta da bugu take aiki, wanda gigahaz 3 ke nufin bugu biliyan 3 cikin daƙiƙa guda. Buga wasiƙa kuwa ba ya bukatar ko kusa da haka. In ta sassauta bugu, sai ta iya rage ƙarfin lantarkin da ke tura ta, kuma a nan ribar take, domin in aka rage wannan ƙarfi da rabi, wutar da bugun ke ci takan koma kashi ɗaya cikin huɗu. Kamfanin AMD ya sa wannan dabara cikin kwamfutocin tebur a 2003 da sunan Cool'n'Quiet, Intel kuma ya kawo tasa, SpeedStep, a 2005, bayan ta daɗe cikin na tafi-da-gidanka. Ashe wani gwani ne can baya ya toshe ta, wai don na'ura ta fi sauri, alhali da aiki mai nauyi ya zo ita da kanta take komawa gudu nan take.

Yaron ya shiga BIOS ya buɗe ta, ya zaɓi tsarin Balanced a cikin Windows, kana ya sa allo ya riƙa mutuwa, na'ura ta yi barci in an jima ba a taɓa ta ba. Gaskiya dai wannan barci ya fi sassauta bugun rage cin wuta, amma da aka haɗa su batir ya soma ganin magariba.

Abin da ya dami mai shago shi ne shirun. Har mako ya zagayo yakan tashi daga kujera, ya ɗora tafin hannu a kan akwatin, ya kasa kunne, don ya tabbata tana da rai.