Waiwaye: Takarda, Tawada da Kan Sarki

Duk wanda ya yi makarantar kwana a Arewa a shekarun 1980 ya san cewa ɗalibi ba shi da abin ɗebe kewa mai arha kamar rubuta wasiƙa. Ƙwallo sai an yi karo-karo, silima sai an sami izinin fita gari, rediyo kuwa sai ɗan mai hali. Amma da 'yan kwabban da suka rage maka na kashewa za ka sayi ambulan da kan sarki, ka zauna ka sha hira da wanda ke Legas ko Sakkwato. Waiwaye adon tafiya, in ji masu iya magana. Ni dai duk lokacin da na waiwaya, abin da ke fara zo mini shi ne yadda muke tsayawa mu zaɓi takarda tun kafin mu zaɓi kalma. A wannan zaɓi muka fara koyon sanin girman mutane.

Takarda hawa-hawa ce. Ta ƙasa ita ce tsakiyar littafin rubutu, irin su Onward da Olympic. Sai ka buɗe littafin daidai tsakiya, ka sa farce ka ɗaga 'yan ƙarafunan da suka ɗinke shi, ka zare falle biyu a manne, sannan ka danne ƙarafunan su koma yadda suke. Ba a fizga, domin aika wa mutum takarda mai yagaggen baki raini ne. Wannan ta aboki ce, ko ƙane. Sama da ita akwai doguwar takarda mai layi irin ta jarrabawa. Ta ƙoli kuwa ita ce shuɗiyar Basildon Bond ta Ingila, mai santsi, wadda ba ta da layi, sai dai ka sa wani falle mai baƙaƙen layuka a ƙarƙashinta don kada rubutu ya karkace. Ba kowa ke iya sayen kundin gaba ɗaya ba, shi ya sa masu kanti ke sayarwa falle-falle. Akwai kuma mai furanni a gefe, wadda samari ke ɗiga wa turaren Bintu Sudan kafin su liƙe ambulan.

A Sabon Garin Zariya akwai wani dattijo mai kantin littattafai da muke zuwa wurinsa ranar fita gari. Ba ya miƙo maka komai sai ya tambaya.

"Samari, wa za a rubuta wa?"

"Baba, mahaifina ne."

"To, ga fara mai layi. Mai furannin nan ba ta manya ba ce. Kuma ka rubuta da shuɗi ko baƙi, ja na malaminku ne."

Ciniki ne na kwabo kaɗan, amma ya haɗa mana da tarbiyya kyauta.

Abin rubutu ma haka. Yawancinmu biro muke riƙewa, Bic ko Eleganza da ake yi a Legas. Burin kowa dai shi ne alƙalami mai shan tawada. Parker na shugaban makaranta ne da manyan ma'aikata. Mu namu Hero ne, ɗan ƙasar Sin, wanda tarin kuɗin zango ɗaya kan iya saye. Kwalbar tawadar Quink guda takan ishi ɗaki guda. Ka kwance gindin alƙalamin, ka tsoma bakinsa a kwalba, ka matse robar ciki ka saki, ya zuƙa, ka goge bakin da tsumma. Kafin ka fara sai ka ɗiga a kusurwar takarda ka juya bayanta. In tawada ta ɓullo, wannan takarda ta biro ce. Hannunmu bai yi baƙunta da wannan aiki ba, domin daga makarantar allo muka fito, inda muka saba feƙe alƙalamin kara da dama tawada da ƙaro. Kakanninmu ma sun yi ta aika wa juna takardu da Larabci da ajami tun kafin zuwan boko, a kan takardar Italiya mai tambarin jinjirin wata uku da fatake ke ratso Sahara da ita daga Tarabulus.

Ainihin makarantata ta rubutun wasiƙa ɗakin kakata ne. Da na zo hutu za ta ce, "Ɗan nan, ɗauko alƙalaminka, ka rubuta wa kawunka." Shi kawun nawa yana Agege yana harkar goro. Sai in zauna a bakin tabarma, in ɗora takarda a kan faifai, ita tana faɗa ina rubutawa. Takarda ta fito daga hannun wance zuwa ga ɗanta wane. Gaisuwa mai yawa da so da yarda da aminci. Daga nan sai ta shiga lissafi: a gai da iyalinsa, a gai da maigidansa, a gai da maƙwabcin da ya taɓa rako shi gida, a gaya masa wance ta haihu, wane ya rasu, gero ya yi kyau bana. Sai takarda ta kusa cika sannan za ta sassauta murya ta ce, "Bayan haka, sa masa cewa soron nan ya tsage, ga damina ta ƙarato." In rufe da haza wassalam. Sai ta ce, "Karanto mini in ji." In kalma ta yi mata kaushi, ta sa a sake falle. A wurinta na gane cewa buƙata ba ta shiga gaban gaisuwa, kuma abin da ka rubuta ya fi abin da ka faɗa daɗewa, don haka sai an auna shi.

Ga kuma shuɗiyar takardar jirgin sama, wadda ita ce takarda, ita ce ambulan, kuma da kan sarkinta a jikinta. Ba a sa komai a cikinta, ko hoto. Dole ka ƙanƙance rubutu, ka ninke ta bisa layukan da aka zana, ka lashi bakinta ka manne. Da ita muke isa ƙasashen waje. Sashen Hausa na BBC, wanda ya fara aiki a 1957, yana Bush House a Landan a lokacin, kuma shirin Amsoshin Takardunku ya sa yara da yawa tsara tambaya da kyau. Muna rubuta wa Muryar Jamus da Muryar Amurka su ma. A gida kuwa akwai katin Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna, da shafin wasiƙu na Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da tun 1939 ta buɗe wa talaka ƙofar faɗin albarkacin bakinsa. Ranar da aka kira sunanka da na garinku a rediyo, har maƙwabta sai sun shigo barka.

Dalilin arhar aika wasiƙa shi ne tsarin da aka faro a Ingila a 1840: mai aikawa ne ke biya ta hanyar sayen kan sarki, kuma a cikin ƙasa nauyin wasiƙa ake dubawa, ba nisan tafiya ba. Da ɗan attajiri da ɗan manomi, kuɗi ɗaya suke biya, jaka ɗaya ke ɗauke da saƙonsu. Mun tashi muna jin sunan hukumar wasiƙu da tarho, wato P&T, har a 1985 aka raba aikin, NIPOST ta riƙe wasiƙu, NITEL ta riƙe tarho. Makarantarmu tana da jakarta a gidan waya. Bayan an ci abincin rana sai shugaban ɗalibai ya tsaya da damin ambulan yana kiran suna, ɗaki ya yi tsit. Mutanen ƙauye kuwa sukan yi amfani da adireshin hedimasta, ko su kai tasha su damƙa wa direba amana. Wanda bai iya rubutu ba ya sami malamin wasiƙa a bakin gidan waya, ya biya shi abin da ya sawwaƙa.

Zuwan wayar salula a 2001 alheri ne, ba mai musu. Uwa ta daina jiran makonni kafin ta san ɗanta ya sauka lafiya. Sai dai mun yi asarar abin da ba mu lura da shi ba a lokacin. Mun daina zama mu tsara magana a wata takarda kafin mu kwafe ta a mai kyau, zaman da sau da yawa ke sa fushi ya huce tun bai bar gida ba. Mun daina sanin hannun juna. A da tun daga bayan ambulan kake gane wanda ya rubuto, har ka gane ko yana cikin gaggawa ko tsufa ya fara kama yatsunsa. Yau wayar da ta faɗa ruwa takan tafi da hirar shekaru, alhali a gidaje da yawa akwai wasiƙun iyaye a ƙasan adaka, jikoki na karantawa.

Abin daɗin shi ne har gobe wannan al'ada ba ta da tsada. Kundin takarda, biro mai kyau da 'yan ambulan ba su kai kuɗin katin waya na 'yan kwanaki ba. Ina roƙon iyaye da malamai su kai yaro kantin littattafai, su bar shi ya taɓa takardu, su tambaye shi wa zai rubuta wa, sannan su nuna masa wadda ta dace da kaka da wadda ta dace da aboki. Ya rubuta da hannunsa, ya fara da gaisuwa, ya karanta da ƙarfi kafin ya liƙe. In gidan waya ya yi nisa, tasha tana nan, masu zuwa gida ba sa ƙarewa. Yaron da ya saba da haka zai iya rubutu, zai iya haƙurin jira, kuma zai san yadda ake magana da na gaba da shi.