Abin da Ke Kan Kabad ɗin Farfesa

Duk wanda ya kai HND II ya san zaman ofishin malami. Ka miƙa babi na biyu, Malam ya zaro jan biro, kai kuma ba ka da aiki sai kalle-kalle. Yawancin ofisoshin kayansu iri ɗaya ne: kalandar banki, hoton ranar yaye ɗalibai da hula mai tuntu, sai lambobin yabo na katako da gilashi, irin waɗanda ƙungiyoyinmu na sashe da na garuruwa suke rabawa duk ƙarshen shekara.

Ofishin da ya sha bamban ba a Kazaure na gan shi ba. Mu a poli ba mu da farfesa, babban lakcara ne ƙololuwa. Da furojet ɗina ya buƙaci wani tsohon littafi kan noman rani, sai sufabaizana ya ba ni takarda zuwa wurin wani farfesa a Jami'ar Bayero, mutumin ƙasar Roni. Ina shiga na raɓe a bakin ƙofa.

"Ɗan ina ne kai?"

"Gwiwa, ranka ya daɗe."

"Ashe maƙwabci ne. Zauna mana, ɗana, kujerar ba ta cizo."

Shi ma yana da lambobin yabo, amma a kwali suke, ƙarƙashin tebur. Abin da ya ɗora a kan kabad daban ne. Akwai allo wanda rubutunsa ya dushe har ba a gane sura. Akwai fitilar ƙwai da ba ta da ƙwan. Ga wani dutse da ya ce daga duwatsun Roni ya tsinto, da shi yake danne takardu in fanka ta taso. A gefe kuma akwatin ƙarfe ne, fentin ya ɓare, an rubuta lambar ɗalibi a murfin.

A kan akwatin nan ya fi daɗewa. Ya ce ranar da zai tafi makarantar kwana, mahaifiyarsa ce ta sayar da tunkiyarta aka sayo shi a Kazaure, yayansa ya ɗauko masa a ka har bakin titin Kano zuwa Daura. Ya buɗe ya nuna mini abin da ke ciki: takardar shaidar asali, ta yi ja don tsufa, da hatimin Ƙaramar Hukumar Kazaure, Jihar Kano. Na ɗan yi turus. Mu da aka haifa bayan 1991 muna mantawa cewa Jigawa ƙanwar malamanmu ce.

Na tambaye shi me ya sa bai bar su a gida ba. Sai ya yi dariya: "A gida wa zan nuna wa? Yarana sun gaji da labarin. Nan ne yaro irinka yake shigowa yana rawar jiki, yana zaton daga sama muka faɗo."

Wallahi gaskiyarsa. Na san 'yan ajinmu daga ƙauyukan Gwiwa, Roni da 'Yankwashi da suke gwammace su faɗi kwas da su ƙwanƙwasa ƙofar malami su ce ba su gane ba. Ba wai ba su da kai ba ne. Turancin ne ke sarƙewa, ga takalmin roba, ga kwarjinin ofis. Bango cike da lambobi ƙara masa tsoro yake yi. Allo da fitila kuwa, ai akwai irinsu a ɗakin tsohuwarsa. Ni dai ina ganinsu bakina ya buɗe, na yi tambayoyin da na yi wata biyu ina ɓoyewa, har da wadda nake jin kunyarta kan yadda ake lissafin ruwan da kadada ɗaya ke sha.

Shi ya sa nake ganin lambobin da muke bugawa ba su kai kuɗinsu ba. Daga aljihun ɗalibai kuɗin ke fita, wani ma garin kwakinsa ya rage kafin ya biya. A yi taro, a ɗauki hoto, Malam ya yi godiya, lamba ta tafi kwali. Ba raini ba ne, sun yi masa yawa ne kawai.

Makarantar nan ta faro ne a 1991 a hannun jiha, gwamnatin tarayya ta karɓe ta a 2007, tana ɗauke da sunan marigayi Sarkin Kazaure Hussaini Adamu. Yanzu kuma ga jami'ar fasaha da aka kafa a Babura a 2021, inda ƙannenmu za su riƙa shiga ofisoshin farfesoshi a nan kusa da gida. Me zai hana ƙungiya ta ɗauki kuɗin lambobin shekara ɗaya ta sa a yi kabad mai gilashi, ta roƙi kowane malami, musamman masu shirin ritaya, ya ba da aron abu guda daga zamanin ɗalibtarsa, da layi biyu na bayani? Tsohon katin shaida, rular zane, rasit ɗin kuɗin makaranta, ko me ya samu. A ajiye shi inda sababbin 'yan ND I suke layin rajista, tunda dama a tsaye suke yini.