Tagogin Gidan Baba

Gidanmu na Aboabo, a Kumasi, Baba ya gina shi tun shekarun 1970 da ribar goro. Ɗakuna shida ne a jere, tagogi tara, duk na katako masu gilashin luba. Bayan rasuwarsa ni na ci gaba da zama a ciki da Mma da iyalina, Yayana kuwa yana can Lome yana sayar da atamfa. Bara da damina ta kankama, na dafa katakon tagar ɗakin Mma, sai yatsana ya lume. Ashe gara ta gama cinye cikin, fenti ne kawai ke rufa mana asiri. Ruwa yana shigowa ya jiƙa katifa, ga Mma da tarin da ƙurar hunturu ke tayar mata duk shekara.

Na kira Yaya. Ya ce, "Ka cire su duka, a sa na zamani, masu zamewa ɗin nan, da baƙin gilashi. Kar a ce 'ya'yan Alhaji sun bar gidan ubansu ya lalace." Ya ce zai ba da rabin kuɗin. Rabin nawa kuwa daga jarina na Kejetia zai fita, kuma ɗan kasuwa ya san zafin taɓa jari.

Sai da na yi sati biyu ina yawon tambaya. Katako mai kyau irin odum ya yi tsada, kuma ban shirya sake faɗa da gara ba. Alminiyon ya fi araha, ko'ina akwai masu haɗa shi, amma yana ɗaukar zafi, da azahar ba ka iya dafa shi. Na uku shi ne tagar roba, wadda masu sayarwa ke kira uPVC. Ba ta tsatsa, gara ba ta cinta, ba ta neman fenti, kuma idan ka rufe ta tana kamewa sosai, ƙura da ƙarar babura su ragu.

Wani dattijon mai haɗa tagogi ne ya buɗe mini ido. Ya ɗauko guntu biyu da aka yanke, ya ce in leƙa ciki. Ɗaya fanko ne, ɗayan akwai ƙarfe a cikinsa. Ya ce, "Alhaji, roba tana miƙewa idan ta sha rana. In babu ƙarfen nan, tagar za ta lanƙwashe, ka rasa yadda za ka rufe ta." Ya ƙara da cewa mai arahar nan, wadda ba a yi ta don ranarmu ba, takan koma ruwan ɗorawa ta fara tsagewa, kuma fara ta fi mai duhu jure zafi. Arha ba ta ado, in ji masu magana. Na ce a nuna mini aikin da suka yi shekaru biyar baya, ba wanda ke shago yana ƙyalli ba. Ya kai ni, na gani da idona.

Duk da haka na yi kuskure. Don in faranta wa Yaya, na sa aka fara da ɗakina, aka sa mai zamewa. Ta yi kyau, har maƙwabta suna tsayawa kallo. Daren da aka ɗauke wuta ne na gane abin da na yi. Luba idan ka buɗe ta, kusan duk faɗin tagar iska ce. Mai zamewa kuwa, ko yaya ka tura ta, rabi ne kawai ke buɗewa, ɗaya gilashin yana bayan ɗaya. Muka kwana muna fifita, yara suna kuka. Da safe Mma ta leƙo, ta dubi tagar, ta ce, "Wannan ta masu wucewa ce, ba ta masu kwana ba. Ni dai kar ka rufe ni a kwalba."

Na sake kiran Yaya na gaya masa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To, kai ne a gida. Yi abin da Mma za ta ji daɗi." Sauran takwas ɗin muka sa masu buɗewa kamar ƙofa, farare, da ragar sauro daga ciki. Ƙarfen tsaron da Baba ya sa mun bar shi, fenti kawai aka yi masa.

Tsohon gida kuma yana da halinsa. Babu tagar da bakinta ya daidaita, wata saman ta ya fi ƙasan faɗi da yatsa biyu. Dole aka auna kowace a wuri uku, sama da tsakiya da ƙasa, aka yi aiki da ƙaramin awon. Biyu daga ciki sai da birkila ya gyara bangon kafin a kafa, kuɗin da ban sa a lissafi ba. Ban yi aikin a tashi ɗaya ba: uku na fara yi, sauran suka jira bayan Sallah da kasuwa ta buɗe.

Ranar da aka cire ta ɗakin Mma, ta hana a jefar da sakatar tagullar da ke jiki. Ta ce Baba da hannunsa ya ɗaura ta. Tana cikin akwatinta yanzu. Hunturun bana ta rufe tagarta da rana, ta buɗe ta da dare, kuma tarin ya yi sauƙi, alhamdulillahi. Tawa mai zamewar tana nan. Duk daren da babu wuta, tabarmata nake ɗauka in fita tsakar gida.